Kalmomin "al" da abin da suka jawo min

Jiya na miƙa mukullin kabad ɗina na yi sallama da 'yan ajina, shekara shida ina koyar da Turanci a makarantar nan, kuma duk abubuwan da suka faru guda ɗaya ne har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, wato maganar "al".

A shekarata ta biyu ne aka ba ni aikin shirya yara gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, ɓangaren asalin kalmomi. Lokacin ban daɗe da gano cewa algebra daga Larabci take ba, kuma wallahi abin ya shiga raina sosai. Al-jabr, haɗa abin da ya karye, ɗori kenan a Hausarmu, daga sunan littafin da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, aka fassara shi zuwa Latin a ƙasar Sifen a 1145. Sunan mutumin da kansa ne ya koma algorithm da 'yan kwamfuta ke ta faɗa yanzu. Alcohol kuma al-kuhl ce, kwalli dai da iyayenmu mata ke zizarawa a ido, Turawa suka fara kiran duk wani gari mai laushi da sunan, daga nan duk abin da aka tace aka fitar da tsantsarsa, a hankali har ta tsaya a kan abin da ke sa maye a cikin giya. Ga alchemy, al-kimiya, wadda mu muke cewa kimiyya. Ga alcove, al-qubba. Da na jera su a allo sai na ga yaran da kullum suke gyangyaɗi sun miƙe zaune, don su ma sun san albasa da alkama da alƙalami da almakashi da aljihu, sun san duk Larabci ne ya shigo mana da "al" ɗinsa a manne.

To a nan na yi kuskuren. Daɗin da na ga suna ji ya ɗebe ni, na ce musu duk kalmar Turanci da kuka ga ta fara da "al" ku ce Larabci ce kawai, ba za ku faɗi ba. Ban buɗe ƙamus ba. Na rubuta haka a lesin not ɗina da manyan baƙaƙe, na kai wa shugaban sashenmu, ya karanta, ya sa hannu da jan biro har ya rubuta yabo a gefe. Ku riƙe wannan.

Ranar gasar mun kai zagayen ƙarshe, maki ɗaya tsakaninmu da ɗaya makarantar. Aka tambayi yarinyarmu, 'yar SS2, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, daga wane harshe kalmar album ta fito. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce Larabci, har ta juyo ta kalle ni tana murmushi. Alƙalin gasa ya ce ba haka ba ne, Latin ce, daga albus wato fari, farin allo ne da Rumawa ke rubuta sanarwa a kai. Shi kenan aka ba su kofi. Ba kofin ne ya dame ni ba, fuskar yarinyar ce, yadda murmushin ya ɓace ta sunkuyar da kai, a mota har muka dawo ba ta ce uffan ba. Da za ta sauka ta ce "Malam, ai kai ka ce duka ne." Ban sami abin ce mata ba.

Washegari aka kira taron malamai. Shugaban sashen nan ya tashi gaban kowa, har da 'yan bautar ƙasa da suka zo ko wata biyu ba su yi ba, ya ce akwai malaman da ke kawo son zuciya cikin aji suna koya wa yara tatsuniya, ya ce shi da an nuna masa da bai bari ba. Da an nuna masa! Littafin yana cikin jakata a lokacin, da sa hannunsa da kwanan wata. Na sa hannu a jakar na taɓa shi, sai na fasa, don kuskuren nawa ne tun farko kuma fito da shi ba zai dawo wa yarinyar da makinta ba. Aka ba ni takardar tuhuma, aka cire min alawus na wata, aka karɓe shirya gasa daga hannuna shekara biyu. Shi ko a ɓoye bai taɓa kirana ya ce Malam mu biyu muka yi sakaci ba, har jiya da muka gaisa. Na yafe, amma gaskiya ban manta ba, kuma duk wanda zai zauna a kujerata ina ba shi shawara ya riƙa ɗaukar hoton duk shafin da aka sa masa hannu.

Daren ranar na ari babban ƙamus na laburare, irin wanda ke kawo asalin kalma a ƙarshen bayani, na fara daga farkon "al" ina bi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke ni kusan sati uku. Abin da na tarar ya fi dokar da na ƙirƙira daɗi nesa ba kusa ba. Alarm Italiyanci ce, all'arme, ku ɗau makamai, ihun da ake yi wa sojoji in abokan gaba sun taso. Alligator daga Sifaniyanci el lagarto, ƙadangare, Turawan Ingila suka ji suka haɗe kalmomin biyu, irin dai yadda muka haɗe al da basal muka ce albasa. Always da already da almost da alone duk all ce ta Turanci aka cire mata l guda, alone ma all one ce, kai ɗaya tal. Altitude daga altus, tsawo. Alien da alibi daga Latin, ɗaya wani daban, ɗaya wani wuri daban. Allergy ma ba ta tsufa ba, wani likitan yara ɗan Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙire ta a 1906 daga Girkanci.

Wadda ta fi ba ni kunya alms ce, sadaka, don na taɓa ce wa yara 'yar'uwar almajiri ce, duba fa yadda suka yi kama kuma ga ma'ana ta zo kusa. Ashe ko kusa. Almajiri daga al-muhajir, wanda ya bar gida ya yi hijira, alms kuwa daga wata doguwar kalmar Girkanci mai nufin tausayi, ta bi ta Latin ta coci ta shiga tsohon Turanci tana ta gajarcewa. Alphabet kuma alpha da beta ne na Girkawa, su ma aro suka yi daga Finikiyawa, kuma dangin alif da ba ne da muka karanta a allo, to akwai zumunci amma ba ta hanyar "al" ɗin da na ce ba. Sai alkali, wadda malamin kemistiri ke rubutawa yara suna dariya wai alƙali ya shigo lab. Ita Larabci ce da gaske, al-qaly, tokar tsirrai da aka ƙona ake yin sabulu da ita, kamar ruwan tokarmu, alƙalin kotu kuwa al-qadi ne. Harshe ɗaya, haruffa ɗaya, kalmomi biyu da ba su haɗa komai ba. Kai har alawus ɗin da aka yanke min ta fara da "al" kuma allowance ce ta Bature, a bakina take kullum ban taɓa tsayawa na lura ba.

Daga nan na daina cewa "duk" a aji. In yaro ya tambaye ni abin da ban duba ba sai in ce mu haɗu gobe. Na koyi cewa sa hannun babba ba ya nufin ya karanta da hankali. Kuma in ka yi wa yaro kuskure gaban mutane to gaban mutane za ka gyara, na tsaya gaban ajin na ce ni na koya wa yarinyar nan ba daidai ba, ita ba ta da laifi.

Da aka dawo min da gasar a shekarata ta biyar ban koya musu doka ko ɗaya ba, littafi na ba su mai bango baƙi da na cika da hannuna, kowace kalma da harshen da ta fito da shafin ƙamus ɗin da na gani, mun wuce "al" mun yi su "-cide" inda suicide da pesticide suke kisa amma coincide daga faɗuwa take. Shekarar muka ɗauko kofin, shugaban sashen ne ya riƙe shi a hoto. Jiya ya aiko a ce in bar littafin a ofis wai kayan makaranta ne. Da kuɗina na saye shi, da dare na rubuta shi a gidana. Yarinyar nan yanzu tana jami'a tana karanta Turanci, ita na aika wa ta hannun ƙaninta.