Na karanta misalin ma'aikatan gonar inabi a gaban leburori

Duk wanda aka ba shi jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki kuma nassin ya faɗo kan misali, ya fara duba su waye za su zauna a gabansa kafin ya cika takarda da bayani. Ni Matiyu 20:1-16 aka ba ni ranar Laraba a majami'armu ta Hausa da ke Sabon Gari, ashe rabin mazan da suka zo masu aikin gini ne da 'yan dako na kasuwar Singa.

Ban ma kai ƙarshen karatun ba aka fara gunaguni. Mai gona ya ɗauki wasu da sassafe kan dinari guda, ladan wuni ke nan a lokacin, ya sake fita ƙarfe tara, sha biyu, uku, har biyar na yamma, da aka zo biya ya fara da na ƙarshe kuma kowa dinari ɗaya. Wani matashi ya ce, "Malam wannan ai zalunci ne, ɗan kwangila ya yi mana haka ranar zubin kankaren bene ya ga ko gobe akwai mai ɗaukar masa kwano." Na ce alheri ne ake nuna mana. Ya ce alheri da gumin wa? Haushi ya kama ni sosai, don takardata ba ta da amsar wannan.

Sai wani dattijo birkila ya ce, "Ɗana, maimaita mana aya ta bakwai." Wurin da na ƙarfe biyar suka ce ba wanda ya ɗauke su aiki. Baba ya ce shi ya san mutanen nan, su ne ake bari a bakin titi da diga da shebur in mota ta tsaya an yi rububi an kwashe majiya ƙarfi, tsofaffi da masu rama, suna nan rana na dukansu har la'asar suna lissafin me za su ce wa uwargida kan cefane. Ya ce tsayuwar nan ta fi aikin wuya. Ayar nan na sha wuce ta kamar ba ta nan.

A da na ɗauka Yesu ya yi ta ba da misalai ne don sauƙaƙa magana kawai, amma amsar da ya ba almajirai a Markus 4:10-12 ba ta da wannan laushin, wasu za su ji ne ba su gane ba. Misali yana barinka ka yanke hukunci tukuna kafin ka lura kana cikin labarin, yadda annabi Natan ya yi wa Dawuda da zancen 'yar tunkiya a 2 Sama'ila 12, sai da sarki ya fusata ya ce masa kai ne mutumin. Kuma wannan na gonar inabi ya biyo bayan tambayar Bitrus ne, mun bar kome mun bi ka, me za mu samu? Wato da 'yan sassafe ake, irinmu da aka haifa a cikin ikilisiya.

Don haka in an fara musu kada ka yi saurin kashe shi da "darasinmu na yau", bar masu sana'ar su yi magana, sun fi ka sanin aya ta bakwai. Matashin dai bai sauka ba, ya ce ko kuɗin mota ai a ƙara wa na safe, yanzu haka gardamar tana can a guruf ɗinmu na WhatsApp har zumuntar mata sun shigo ciki.