Tukwane uku da jika ashirin

Ranar Asabar na ajiye aiki a lambun furannin nan na bakin kogi a Yamai, bayan shekara huɗu. Waɗanda muka yi dakon bokiti tare sun san wurin, ba sai na kama suna ba.

Tukwane uku ne suka tsaya mini a rai. Wata baturiya ƴar Suwidin za ta hutu, ta kawo su ajiya ƙarshen Maris. Ɗan tsiro ne da bai wuce taƙi ɗaya ba, ganye sirara, bayansu fari, fure ruwan hoda kamar ƴar ƙararrawa a kife. Alhaji mai lambun ya ɗan leƙa ya ce, "Romaran ne. Kai shi rana, rage masa ruwa, ka barbaɗa toka saboda gara." Romaran shi ne ganyen ƙamshin nan da ake sakawa a girki.

A jikin tukunyar an rubuta Andromeda polifolia. Da dare na nema a waya. Ashe kamar ganye kawai suka yi da romaran. Shi ɗan fadamun arewacin duniya ne, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa, saiwarsa cikin ruɓaɓɓiyar gansakuka mai tsami. Linnaeus, masanin tsirrai, shi ya raɗa masa sunan a tafiyarsa ta Lapland, can arewacin Turai, 1732. Toka kuwa wannan tsamin take kashewa. Ga ganyen guba ne.

Duk na karanta. Gari ya waye, na ɗebi toka na barbaɗa. Wa zai ce Alhaji ya yi kuskure, saura kwana biyar a yi albashi?

Kwana tara suka ƙone ƙurmus. Wataƙila ko ba toka zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, ya ishe su, amma wannan bai wanke ni ba. Da matar ta dawo, Alhaji ya nuna ni da baki: "Madam, yaron ne, ba ya jin magana." Ya zabtare mini jika ashirin na sefa. Ni da ke da ƴaƴa biyu, wai yaro.

Sau ɗaya na buɗe baki a lamarin: ranar da Baba mai gadi ya tsinko busasshen ganyen zai jefa a butar shayi, na fizge. Har yau bai yarda ba romaran ba ne.

Sauran abubuwan da na sauya ƙanana ne. Ban ruwa da asuba, ba da rana ba. Baƙon tsiro sai na karanta sunansa kafin in taɓa shi. Umarnin Alhaji kuma daga ranar sai na ce ya turo mini ta WhatsApp da muryarsa. Suna nan a wayata, ban goge ko ɗaya ba.