Koren da ke gindin rijiyarmu a Agege

Sana'ata furanni ce. Shekara 11 ke nan ina da ɗan lambu a bakin titi, ina sayar wa masu gidaje tsire-tsire a tukwane, don haka na ɗauka duk wani kore da ke fitowa daga ƙasa na san makamarsa. Ashe da sauran karatu.

A gidan da muke haya a Agege akwai tsohuwar rijiya da aka ɗaure bakinta da duwatsun marmara. Ta gefen da inuwar mangwaro take rufewa, wani abu ya shimfiɗu a jikin duwatsun, kore shar, falle-falle, kowane falle bai kai faɗin farce ba, ƙarshensa ya rabu biyu. Matan gidan gansakuka suke ce masa, kuma duk ranar wanki sai sun bi shi da tsintsiya. Ni kuwa na lura ba shi da santsin gansakuka. In ka ɗaga shi da tsinke, za ka ga wasu zarurruka farare a ƙasansa, siraran gaske, da su yake riƙe dutse.

Wata malamar jami'a da ke sayen furanni a wajena na nuna wa hotonsa a waya. Sai da ta cire tabarau ta sake dubawa. Ta ce dangin tsiron nan Turawa sun sa musu suna liverwort, daga kalmarsu ta hanta, don fallensu ya yi kama da ita, kuma suna cikin tsofaffin tsirrai a doron ƙasa, sun haura shekara miliyan 400. Ba su da saiwa ta gaskiya, ba fure, ba iri. Ta jikinsu suke shan ruwa, kuma sai da danshi suke hayayyafa. Ta ƙara da cewa a Ingila akwai nau'o'insu da suka yi ƙaranci har doka ta hana a tsinke su. Sannan ta ce in je in duba ko zan ga 'yan ƙananan ƙoƙuna a bayansa.

Na gan su kuwa. Kowane ƙoƙo bai fi ƙwayar dawa ba, a cikinsa akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore. Ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa ciki ya fantsamar da su, duk inda ɗaya ya sauka a kan danshi sai ya zama sabon tsiro. Na daɗe a tsugune ranar, har maƙwabcina ya ce, "Malam, kuɗi ne suka faɗi?"

Ana cikin haka maigidan ya ce zai shafe bakin rijiyar da siminti. Nan na yi wautata ta farko. Na kankare tsiron da wuƙa, na kai lambu, na dasa a tukunya da takin shanu mai kyau, irin wanda nake sa wa furanni masu tsada. Kwana uku ya ƙone ƙurmus. Karo na biyu na rufe shi da leda don kada danshi ya gudu, sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Rabin abin da ke jikin rijiyar ni na kashe shi da hannuna, ba tsintsiyar mata ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan na gane cewa ba a raba shi da mazauninsa. Dutsen, da inuwar, da ruwan da ke zuba daga guga, da iskar da ke ratsawa, su ne rayuwarsa. Taki ba ya cikin lissafi.

Sai na je na sami maigidan bayan la'asar. Na ce, "Alhaji, alfarma nake nema. A bar mini duwatsu shida na gefen mangwaro, kada siminti ya hau kansu." Ya dube ni kamar wanda ya zautu, ya ce, "Kai ɗan nan, ciyawar bango ce ta kawo ka?" Da na ce zan biya rabin kuɗin magini, ya yi dariya ya ce in je in yi.

Matan gidan sun fi wuyar shawo kai. Ruwan omo na ƙona shi, a nan kuma suke zubar da ruwan wanki. Sai da na haƙa musu 'yar kwata ta ɗaya gefen sannan aka daidaita.

Damina ba ta da matsala, Legas ba ta rowar ruwa daga Afrilu zuwa Yuli. Hunturu ne jarrabawa. A watan Janairu gefen fallayen ya fara bushewa yana naɗewa, sai na kafa sanduna biyu na rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gabansa, ban bari ya taɓa shi ba, safe da yamma ina yayyafa ruwan rijiyar. Duwatsu biyu sun bushe duk da haka. Huɗun sun kai ruwan farko, kuma cikin makon jiya ɗiyar maƙwabcina ta zo da gudu ta ce, "Kawu, ya hau na biyar."