Me ya sa jikin rimot da laftof ke yin danƙo, kuma yaya ake gyara shi?

Wannan laushin da ake ji a murfin laftof ɗin ThinkPad, ko a jikin linzamin kwamfuta, fawa banki da wasu rediyoyi, yawanci ba roba ba ce. Fenti ne na sinadarin foliyuretan da ake fesawa a kan filastik mai tauri, kaurinsa bai wuce na silin gashi ba. Yana hana santsi, yana kuma sa kaya ya yi kama da mai tsada. Matsalarsa ita ce ba ya jure shekaru.

Danshin iska ne babban abokin gabarsa. Ruwan da ke cikin iska yana shiga fentin yana tsinka sarƙoƙin sinadarin da suka riƙe shi, har ya koma kamar ƙaro. Zafi yana hanzarta wannan aiki, shi ya sa na'urar da aka bari a mota da rana, ko ta yi damina a cikin akwati, take fitowa tana kama hannu. Gumi, man shafawa da maganin sauro na shafawa mai ɗauke da sinadarin DEET su ma suna cin sa. Mutane kan yi mamakin yadda abin da aka adana ba a taɓa ba ya fi lalacewa. Dalili shi ne leda ko aljihun tebur na tsare danshin, iska ba ta ratsawa. Laftof na gwanjo kuwa sau da yawa sun riga sun ci rabin ransu kafin su iso kasuwa, don haka mai saye ya murza gefen murfin da yatsa kafin ya biya.

Idan danƙon ya fara, fentin ya mutu ke nan, babu abin da zai mayar da shi. Barbaɗa hoda yana rage mannewar na 'yan kwanaki kawai, sannan ƙura ta haɗu da ita a sami wani baƙin datti da ya fi na farko muni. A ganina ɓata lokaci ne. Gara a cire fentin gaba ɗaya.

A kashe na'urar, a cire batir idan yana fita, in da hali a kwance murfin daga jikinta. A nemi sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama da haka, irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon ciki da shi. Mai kashi 70 yana yi, sai dai yana ɗaukar lokaci. A jiƙa tsumman auduga, kada a zuba kai tsaye, a fara gwadawa a wani lungu da ba a gani. A ɗora tsumman na kamar minti ɗaya fentin ya jiƙa, sannan a murza, ana sauya gefen tsumman don kada a riƙa mayar da danƙon. Tsohon katin ATM ya isa kankare wurin da ya yi kauri. A kusurwa da kewayen maɓallai a yi amfani da tsinken auduga na goge kunne. A bari ya bushe sarai kafin a mayar da batir.

Kada a kusanto da fetur, tina ko man goge farce mai asiton. Mafi yawan jikin waɗannan na'urori filastik ɗin ABS ne, asiton kuma narkar da shi yake yi, ya bar farin tabo da ba ya gyaruwa. A kuma sani cewa rubutun da aka buga a kan fentin, kamar lambobin maɓallai, zai iya tafiya tare da shi; a ɗauki hotonsa tukuna.

Robar mariƙin kyamara daban take. Ita roba ce ta gaske da aka manna da tef mai gam fuska biyu, kuma kumbura take yi ta ɗago. Wannan sai dai a ɓare ta, a goge tsohon gam da sifirit, a manna sabuwa daidai da samfurin kyamarar.