Ku Kula da Gwiwa Tun Kafin Ta Kumbura: Shawara ga Matasan 'Yan Ƙwallon Jos

Ƙannena masu taka leda a filayen Jos, daga Anguwan Rogo da Gangare har Bukuru, maza da mata, maganar gwiwa zan yi muku. Na daɗe ina horar da matasa, kuma a kan gwiwa na tafka kurakuran da ba na so wani koci ya maimaita a jikinku.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaban ita likitoci ke kira ACL, aikinta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya. Akwai wasu biyu a gefe da gefe, sai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke shanye nauyi tsakanin ƙasusuwan. Jijiyar gefen ciki idan ta yi targaɗe, yawanci makonni kaɗan ta warke. ACL kuwa in ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta haɗe da kanta.

Da can na ɗauka mugun taku ne ke tsinka ta, shi ya sa duk faɗana a kan masu saka ƙafa yake. Ashe kusan bakwai cikin goma na tsinkewar ACL babu wanda ya taɓa ɗan wasan. Yana cikin gudu ya dasa ƙafa zai yanke, ko ya diro daga kai wa ƙwallo kai, gwiwar kusan a miƙe, nauyi a kan diddige, sai ta karkata ciki yayin da gangar jiki ta juya waje. Kafin ƙiftawar ido aikin gama ya gama. Wasu ma suna jin ƙarar "ɗas" a kunnensu.

Kuskurena mafi girma shi ne zaton ido zai nuna mini wanda zai ji rauni. Nakan ɗora yaro a kan akwati mai tsawon santimita 30, ya diro da ƙafa biyu ya sake tashi sama, ina kallonsa ta gaba. Wanda gwiwoyinsa suka nufi juna in ware shi in ba shi atisaye na musamman, sauran in ce lafiyarsu ƙalau. Gwajin yana da amfani wajen koyar da dirowa, amma ba ya faɗin gaibu. A Norway an bi 'yan wasa mata 710, na ƙwallon ƙafa da na hannu, da kyamarori masu auna motsi, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna wannan gwajin bai iya tantance wadda jijiyarta za ta tsinke ba. In na'ura ta kasa, ina ga idon koci a filin ƙura? Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗari ba shi da yawa. Na gaba-gaba shi ne tsohon rauni: matashi ɗan ƙasa da shekara 25 da aka yi wa aikin ACL ya koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu yana sake tsinka ta, a wannan gwiwar ko a ɗayar. Sannan mata sun fi maza kamuwa, ninki biyu ko fiye. Tunda ba a san kan wa za ta faɗa ba, kowa a ƙungiya ya yi rigakafi, har mai tsaron gida.

Rigakafin kuwa ba ya cin kobo. Sunansa FIFA 11+, ɗumama jiki ne na minti 20 da ake yi a madadin zagaye fili biyu da miƙe-miƙen da muka saba. An gwada shi a nan gida: binciken da aka wallafa a 2014 kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, 'yan wasa 416, ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari, na ƙafa kuma da kashi 48. Sharaɗinsa a yi shi aƙalla sau biyu a mako, duk tsawon kakar wasa. A nan ma na yi sake, don nakan dage da shi kafin gasa, da zarar wasanni sun kankama in jingine. Ƙarfin da tsoka ta tara yana zubewa cikin 'yan makonni idan aka daina.

Ga yadda yake. Ku jera alamomi shida-shida a layi biyu, tazarar mita 5 zuwa 6. In babu mazugin roba, takalma ma sun isa. Minti takwas na farko gudu ne a hankali, da buɗe ƙugu waje da ciki, da zagaye abokin gudu, da tsalle a haɗa kafaɗa a diro. Minti biyun ƙarshe gudu ne mai ƙarfi da dasa ƙafa a yanke. Tsakiyar, minti goma, nan ne maganin yake, kuma nan yara suka fi ha'inci.

Ka kwanta rub da ciki, ka ɗaga jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, baya a miƙe kamar katako, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku. Ka yi haka ta gefe, dama da hagu. Sai atisayen tsokar bayan cinya: ka durƙusa a kan abu mai laushi, abokinka ya danne maka idon sawu da hannu biyu, ka riƙa kifowa gaba sannu a hankali, ƙugu a miƙe, kana riƙe kanka da bayan cinya har sai ka kasa, sannan ka tare ƙasa da tafin hannu. Sabon shiga ya yi uku zuwa biyar, daga baya bakwai zuwa goma, wanda ya ƙware 12 zuwa 15. Wannan tsokar ce ke jan ƙwauri baya, wato abokiyar aikin ACL ce, kuma ita muka fi wofintarwa saboda ba a ganinta a madubi. Kwana biyun farko za ta yi tsami sosai, wannan ba rauni ba ne. Bayan nan tsayuwa da ƙafa ɗaya riƙe da ƙwallo, daƙiƙa 30 kowace ƙafa, sau biyu, sai tsugunawa, sai tsalle.

A duk waɗannan abu ɗaya nake so abokin atisayenka ya zuba wa ido: ƙugu, ƙoƙon gwiwa da yatsan ƙafa na biyu su zama a layi ɗaya. Ka diro a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa da ƙugu a lanƙwashe. Idan ana jin "dim" lokacin da ka sauka, a sandare ka diro, sake yi. Da tsalle ashirin na ganin dama, gara biyar masu kyau.

Garinmu ma yana da nasa. Da sanyin Disamba da Janairu, atisayen asuba a Jos tsoka a daskare take, kada ka cire rigar sanyi sai gumi ya fara tsatsafowa. Da rani fili ya zama kamar siminti, takalmi mai dogayen ƙusoshi ba nasa ba ne, kuma a kan ciyawar roba yakan cije ƙasa ya ƙi sakin ƙafa yayin da jiki ya riga ya juya. Ajiye shi sai damina. Kuma wasan unguwa da safe, na makaranta da yamma, na ƙungiya washegari, gajiyayyar tsoka ba ta riƙe gwiwa. Bandejin roba da kuke ɗaurawa ɗumi kawai yake bayarwa, ba ya tsare jijiya.

Idan abin ya faru, ka fita daga fili, ko da kana iya takawa. Na sha barin yaro ya koma saboda ya ce ya ji sauƙi, kuma gwiwa mai tsinkakkiyar jijiya in ta sake gocewa, guringuntsi take yagewa. Kumburin da ya cika gwiwa cikin awa biyu alamar jini ne a cikin gaɓar. Naɗe ƙanƙara a tsumma, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku, a ɗaga ƙafar sama. Kwana biyun farko ban da ruwan zafi, ban da murza. Mai ɗori ya san karaya, amma ja da matsa ba sa haɗa jijiyar da ke can cikin gaɓa. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, don haka "ba karaya" ba ya nufin lafiya. Likitan ƙashi zai gwada da hannunsa, in da hali a yi hoton MRI, wanda shi yake nuna jijiya. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, akwai sashen ƙashi. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka buga wasa.

Wanda aka yi wa aiki kuma ya haƙura da wasan gasa har wata tara. Wani bincike na 2016 ya gano cewa kowane wata da aka ƙara jira, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. Kalanda kaɗai ba ta isa ba. Ka yi tsalle da ƙafa ɗaya a auna da tef: idan lafiyayyar ta kai santimita 150, mai ciwon ta kai aƙalla 135, ta kuma sauka ba tangaɗi, ba kumburi washegari. In ba ta kai ba, ka koma wurin likitan gashin ƙashi, ko da kocinka ya rubuta sunanka a takardar wasan Asabar.