Zuwa Madarumfa da allo da fenti

Ɗan ƙanwata mai zanen allunan shaguna ne a Maraɗi, irin kan mutum da sabon aski a ƙofar mai aski, ko soyayyar kaza a bangon mai abinci. Shi ya matsa mini in kai shi Madarumfa a kan babur, wai yana so ya zana jiragen masunta yana kallonsu da idonsa. Na ce wannan aiki wa zai biya ka? Ya ce, "Kawu, kai dai mu je."

Bayan sallar asuba muka fita, hunturu ne, hazo ya rufe gari. Tafiyar ba nisa, kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi. Muka wuce garakan Jiratawa masu zogale, sanyi na ratsa yatsu, shi kuwa yana bayana rungume da allon katako da ya shafe da fari, gwangwanayen fenti cikin buhu suna kuka a kowane rami.

Madarumfa an fi saninta da kusheyin waliyyai 99 da ake zuwa ziyara, har Nijar ta sa su tare da tafkin garin da dajinsa cikin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya tun 2006. Mu dai bakin ruwa muka nufa. Masunta ba su dawo ba tukuna, sai muka zauna gun mai shayi. A nan yaron ya zaro wata takarda mai launi daga aljihu, duk ta sha ninki, ya ce ga abin da ya hana shi barci.

Hoton wani zanen fentin mai ne na Kulod Mone, Bafaranshe, wanda ya yi wajen 1875. Ainihin zanen yana gidan adana zane na Orse a birnin Faris, kuma ƙarami ne, faɗinsa bai kai santimita 70 ba. Daga sama wata gadar ƙarfe ta ratsa kogin Sen, mutane da kekunan doki na bi ta kai. Ƙarƙashinta dogayen jirage baƙaƙe sun jeru a gaɓa, cike da kwal da ake kawowa daga arewacin Faransa da Beljiyam don masana'antar gas. Daga kowane jirgi an gitta siraran katakai zuwa tudu. A kan katakan nan ne mutanen suke: masu hawa da kwando cike a kafaɗa, masu dawowa sun kifa kwandon a ka. Can baya wata gadar ce da dogayen bututun hayaƙi, duk sun dushe.

Ba wanda aka yi wa fuska. Kowane mutum shafa biyu ne ko uku na baƙin fenti. Amma da na miƙar da hannu na nisanta takardar, sai na ga ƴan dakonmu ne sak, lokacin da suke sauke tirelar shinkafa a bakin sito, mutum ya hau katako da buhu, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba don kada katakon ya yi lilo ya zubar da su. Tazarar nan tana cikin zanen. Wanda bai tsaya ya kalli masu aiki da kyau ba, ba zai san da ita ba.

Yaron ya fi damuwa da yadda aka ja burushi. Ya ce Mone da abokansa a waje suke zane, da sauri, kafin haske ya juya, kuma abin da ya sauƙaƙa musu shi ne fentin da ake ɗurawa cikin ƴan bututun matsawa, wanda wani Ba'amurke ya ƙirƙiro a 1841. Da suka baje zanensu a Faris a 1874, dariya aka yi musu, aka ce ba su gama aiki ba. Mone a lokacin yana zaune a Arjantoy, wani gari a bakin kogin Sen kusa da Faris, ya fi zana jiragen shaƙatawa masu filafilan iska. Wannan na masu kwal bare ne cikin aikinsa, kuma ni a ganina ya fi waɗancan nauyi.

Da hantsi jiragen suka fara fitowa daga hazo ɗaya bayan ɗaya, mutum a tsaye yana tura gwangwala, yaro a zaune yana kwalfe ruwa da ƙwarya. Mata masu tuya suka taso da robobi, aka hau ciniki kan tarwaɗa da karfasa. Ɗan ƙanwata ya jingina allo a gindin gawo, ya tsinka fentinsa na ƙofa da kananzir, ya kama aiki ba ya ko ɗaga kai in an yi masa magana. Ruwan bai sa masa shuɗi ba, toka-toka ya yi shi da ɗan ja-ja, yadda yake a ranar.

Wani dattijo da ke ɗinkin koma ya taso ya tsaya bayansa, ya daɗe yana kallo.

"Samari, wannan jirgina ne?"

"Naka ne, Baba."

"To ina fuskata?"

"Ja da baya kaɗan, Baba."

Ya ja da baya taku biyar, ya karkata kai, ya ce jirgin dai nasa ne, ya gane shi ta facin gwangwani da ke goshinsa, amma gwangwalar ta yi tsaye da yawa, mai tura jirgi a ruwa mara zurfi kwantar da ita yake yi. Yaron ya goge da tsumma ya gyara nan take.

Fentin mai ba ya bushewa da wuri, don haka dawowar ta fi zuwan wuya. Ya riƙe allon gefe guda kamar tuta, ƙurar hanya na mannewa a kai, ni kuma hannun rigata ya sha toka-toka. Tarwaɗar da na sayo tana rataye a gaban babur. Muna shiga gari ya fara lissafin kuɗin mai, wai zai koma kafin ruwan tafkin ya ja baya.