Ruwan Zafi da Asuba a Gembu

A makaranta an koya mana cewa abu uku baƙo ke biya wa kuɗi a otel: gado mai tsafta, ɗaki mai sanyi, da sakin fuskar ma'aikaci. Malaminmu ba ya gajiya da kawo misalin Hill Station na Jos, wanda aka gina a 1938 zamanin haƙar kuza, da wurin shaƙatawa na Obudu, wanda ya faro a matsayin gandun shanu a 1951. Na haddace, na ci jarrabawa. Sai ga shi aikin farko da na samu na manaja ne a wani ƙaramin masauki mai ɗaki 12 a Gembu, can saman tsaunin Mambila.

Tun daren farko na cire ɗaki mai sanyi daga lissafi. Tudun ya kai wajen mita 1,600, kuma ban taɓa jin baƙo ya nemi fanka ba. Bargo na biyu ake nema, sai bokitin ruwan zafi kafin sallar asuba. In ruwan ya makara, ko da zinare ka shimfiɗa gadon, sunanka ya ɓaci a tasha.

Ruwan nan kuwa da itacen turare ake dafa shi, wanda wani dattijo ke kawowa duk bayan kwana biyu. Kindirmo da man shanu daga wata Bafulatana, da kowa ke kira Inna. Dankali da fiya daga maƙwabta. Babu takarda, babu rasit, ciniki ne da aka gada tun kafin a haife ni.

Ni kuma sabon shiga, ga biro ga kalkuleta. Na buga lissafi na ga in aka sayo gas da madarar gari da yawa daga Jalingo za a rage kashe kuɗi, sai na sallami duk masu kawo mana kayan nan. Kukunmu ya dube ni ya ce, "Manaja, ka dai bari damina ta wuce." Na ɗauka tsoron sabon abu ne.

A tsakiyar damina ƙasa ta zaftaro ta rufe hanya a hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da Maisamari. Motar da ta ɗauko mana gas ta kwana huɗu a gindin dutse. Masauki cike: 'yan kasuwar da suka zo sarin ganyen shayi a Kakara, da wasu ɗalibai da za su dajin Ngel Nyaki bincike. Murhun da na sa aka jingine a bayan kicin, ko toka babu a cikinsa.

Abin da kalkuleta ba ta nuna mini ba, mutanen nan sun daɗe da saninsa. Yankin bai zama Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma har yau titi guda ne na kirki ya haɗa su da ƙasa. Wanda ya tashi a haka ba ya ɗora tukunyarsa a kan abin da sai ya hau dutse kafin ya iso.

Kuku ne ya raka ni gidan dattijon, cikin hazo, ina rawar ɗari. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi lafiyar iyayena ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗaga zancen sallamar ba. Wannan shirun ya fi zagi zafi. Kafin la'asar 'ya'yansa sun sauke kai uku na busasshen itace a ƙofar kicin, a kan tsohon farashi.

Inna ce ba ta ƙyale ni ba. Da safe ta sauke ƙwaryarta, ta buɗe faifai, ta ce, "Ɗan nan, saniyar gwangwanin ta daina ba da nono ne?" Ma'aikata suka fashe da dariya. Na ce, "Inna, a yi haƙuri." Ta auna ludayi biyu ta ƙara mini gyara.